Abin Wuyan Da Bai Bi Ta Wuta Ba

"Na ce ban yarda ba! Ko sau goma za su turo manyansu, amsata ɗaya ce!"

Muryar Baba ta cika ɗakin littattafai. 'Yar Tawada ta ajiye alƙalamin da take feƙewa.

"Baba, ko sauraronsu fa ba ka yi ba..."

"In saurari me? Matonin kufai? Mutumin da ke yini a gidajen matattu yana kwasar tarkacensu, shi zan ɗauki 'yata in ba?" Ya ɗaga mata hannu. "Ja baya. Je ki tsaya bakin ƙofa, sannan ki yi mini magana."

Ta saba da wannan. Shekara uku ke nan, duk sanda zai yi mata magana mai nauyi sai ya tura ta can nesa, kamar kusancinta na damunsa. Ba ta taɓa tambayarsa dalili ba, amma kullum sai abin ya sosa mata rai. Ta ja da baya har gadon bayanta ya taɓa ƙyaure.

"Ina sonsa, Baba."

"Uwata..."

"Kuma ni na san ba sana'arsa ce ta dame ka ba. Tsoro kake in tafi in bar ka da littattafan nan."

Maganar na fita ta so ta maido ta, amma ina. Baba ya dafa teburi da hannu biyu. Murya can ƙasa ya ce, "Fita."

Gaskiya ta faɗa, shi ya sa ta yi zafi.

Kakanni bakwai ke nan da Babban Duhu, ranar da wutar lantarkin mutanen dauri ta ɗauke ba ta ƙara dawowa ba. Dogayen gidajensu suka zama kufai a hayin kogi, motocinsu kuwa kaji ke ƙwai a ciki. Waɗanda suka tsira daga yunwa da annoba suka gina ɗan gari, suka zagaye shi da katanga, suka koma ga jaki da garma da fitilar mai. A garin kaf, Baba ne Mai Karatu. Shi ke buɗe littattafan mutanen da ya faɗa wa manoma abin da ke cin amfaninsu, ya faɗa wa mahaƙa inda za su sa rijiya.

Abin da gari bai sani ba shi ne, haruffa sun guje wa Baba. Zai hango shaho a sararin sama ya gaya maka launin fiffikensa, amma ka sa masa takarda a gaba, sai ya ga kamar an zuba tururuwa a ruwa. Kowace safiya kafin a buɗe ƙofa 'Yar Tawada ke karanta masa, shi kuma ya haddace. In mutane suka zo sai ya buɗe littafi ya riƙa bi da yatsa, har da gyaran murya. Da dattawa za su ji, ranar za su karɓe gidan littattafai, kuma ba za su ba ta ba, don kujerar Mai Karatu ba ta hawuwa ga wanda bai kai arba'in ba, ita kuwa shekararta ashirin da biyu. Matona kufai kuma a bayan katanga suke zaune. Wadda ta auri ɗayansu, can za ta bi shi.

Washegari da hantsi ta ɗauki tulu ta fita ta ƙofar kogi. Tun daga nesa ta hango jakin masoyinta ɗaure a gindin bishiyar da suka saba haɗuwa, shi kuma yana tsugune a bakin ruwa yana ta cuɗa wani abu da toka.

Tsatsa ake ce masa, don ko ya yini yana wanke hannu, jan tsatsar ƙarafan kufai ba ta barin tafinsa.

"'Yar Tawadata," ya ce ba tare da ya waiwayo ba. "Tafiyarki kaɗai na ji na san kin yi kuka."

"Wa ya ce maka na yi kuka?"

"Jakina. Ba ya ƙarya."

Ta so ta ɗaure fuska, dariya ta ƙwace mata. Daga dariyar kuma sai hawaye. Ya miƙe da sauri ya karɓi tulun ya ajiye.

"Haba sanyin idona... Kawuna ya gaya mini yadda suka yi. Ai ban ji haushi ba. Ni ma da ni na haife ki, wallahi ba zan ba matonin kufai ba."

"To ka fasa mana!"

"In fasa in auri wa? Jakin?"

Ta kai masa duka a kafaɗa, ya goce yana dariya. Sannan ya nutsu, ya dube ta.

"Zan jira. Shekara ɗaya ce, shekara goma ce, kufai ya koya mini haƙuri. Rufe idonki."

Ta rufe. Ta ji sanyin wani abu a ƙirjinta, ta ji yatsunsa suna ƙulla zare a bayan wuyanta. Da ta buɗe ido ta ga wasu gilasai guda biyu zagayayyu, manne da juna cikin wani baƙin abu mai santsi, da 'yan hannuwa biyu sirara masu naɗewa. Rana ta doke su suka yi wal.

"Wayyo, ya yi kyau! A ina ka samo?"

"Hawa na tara na wani dogon gida. Na tarar da shi a kan teburi, ajiye a kan wani littafi buɗaɗɗe. Ina taɓa littafin ya zama gari. Na ce abin da ya yi shekaru yana gadin littafi, ai na 'yar littafi ne."

"Abin wuya ne?"

"Ni dai haka na gani. Na gwada shi a hannu bai zauna ba."

Ta ɗaga shi ta leƙa ta ciki. Kogi da bishiya da fuskar Tsatsa duk suka dagule, har kanta ya sara.

"Kai! Mutanen da dai akwai shirme. Ado ne har da sa jiri?"

"To ai ba a ce ki leƙa ba, rataya aka ce." Ya riƙo hannunta, fuskarsa ta sauya. "Amma ki ji ni da kyau. Kada ki shiga da shi gari. Wannan baƙin abin in ya ji wuta narkewa zai yi, shi ya sa ban kai shi wurin maƙeri ba. Ki ɓoye shi a kogon bishiyar nan, in kin zo ki sa in gani."

Ko yaron goye ya san dokar. Duk abin da ya fito daga kufai sai ya bi ta wutar maƙerin ƙofa, don ta hanyar kayan kufai annoba ta taɓa shigowa. Wanda ya shigo da abin da bai bi ta wuta ba, korarsa ake yi daga gari, kora ta har abada.

"Na ji," ta ce.

Ta ji ɗin, amma so ba ya barin mutum da wayonsa. Da ya kora jakinsa ya tafi, ta tsaya gaban kogon bishiyar ta kasa. Kyautarsa ta fari, ta bar wa ƙwari da ruwan sama? Ta tura shi cikin riga, ta ja mayafi ta rufe, ta ɗauki tulunta.

Ba ta lura da wadda ke laɓe bayan ciyawar bakin kogi ba.

'Yar mai gadin ƙofa ce, wadda ta daɗe tana sa ido kan Tsatsa. Duk sanda ya zo wucewa da kaya sai ta fito da ƙwaryar ruwa tana fari da ido, shi kuwa ya sha ya ce "na gode, ƙanwata" ya wuce. Wannan "ƙanwata" ta fi zagi yi mata ciwo. Kwana biyu ta bari, sai ranar da kasuwa ta cika. 'Yar Tawada na tsaye tana tayin takarda, ta ji an fizge mata mayafi ta baya, an finciko zaren wuyanta.

"Jama'a, ku zo ku gani! Kayan kufai a tsakiyar gari! Bai bi ta wuta ba!"

Kasuwa ta watse kamar an saki kura. Mata suka kwashi 'ya'yansu, mai tukwane ya taka hajarsa da ƙafarsa. Maƙeri ya zo da awartaki ya ɗauki abin wuyan daga ƙasa, yana kau da kai kamar ya ɗauko maciji.

Kafin rana ta karkata an tara gari a zauren dattawa.

An tsayar da ita a can ƙarshen zaure, nesa da kowa. Ba a jima ba ta ji hayaniya a ƙofa, sai ga Tsatsa ya kutso yana haki, mutum biyu na riƙe da shi.

"Ni na ba ta! Ni na rataya mata! In kora ce ni za ku kora!"

"Ƙarya yake!" ta ce da ƙarfi. "Ya hana ni shigowa da shi, ni na ƙi ji!"

"Yi shiru mana, 'Yar Tawada..."

"Ba zan yi ba!"

Babban dattijo ya buga sandarsa. "To, tunda kuna rige-rigen laifi, ya ishe ku ku biyu. Ina mai shaida?"

'Yar mai gadin ƙofa ta fito tana taku ɗai-ɗai. "Da idona na gani, ranka ya daɗe. Yana tsugune a bakin kogi ya cuɗe abin da toka, ya ɗauraye, ya sake cuɗewa, har sau uku, don dai ya burge ta. Sannan ya rataya mata. Ita kuma ta cusa a riga ta wuce ta gaban babana ko kunya babu."

"Mun ji," in ji babban dattijo. "A ɗauko Littafin Doka. Mai Karatu, bisimilla."

'Yar Tawada ta dubi Baba. Ta manta da wannan! Ba a yanke hukuncin kora sai an karanta dokar daga littafinta, a gaban kowa. Littafin kuwa a kulle yake cikin akwatin ƙarfe, rabon da a buɗe shi tun zamanin kakanni, don tun lokacin ba wanda ya karya dokar. Bai taɓa karanta shi ba, balle ita.

Aka buɗe akwatin da ƙyar, aka shimfiɗa littafin gaban Baba. Ta ga ya ɗora yatsa a kan shafin.

Hanya biyu ce gabansa, kuma ta san su duka. Zai iya bin layi da yatsa ya faɗi abin da kowa ya haddace, ba wanda zai gane, ya tsira da kujerarsa, ita kuma a fitar da ita daga gari da bakinsa. Ko kuwa ya ce ba ya gani, a karɓe gidan da kakanninsa suka riƙe.

Faɗi kawai, Baba, ta ce a ranta. Ni na jawo.

Baba ya daɗe kansa a sunkuye. Ana jin kukan jakin Tsatsa daga waje.

"A ba ni abin in gani," ya ce.

Maƙeri ya miƙo da awartaki. Baba ya sa hannu tsirara ya karɓa, mutane suka ja numfashi.

"Mai Karatu, annoba fa!"

"Kwana biyu yana kan ƙirjin 'yata. In da abin da zai kama ta, ya kama ni."

Ya shafa shi da yatsu. Ba duba shi yake ba, ita ta sani, lokaci yake ja kafin ya faɗi abin da zai rusa shi. Ya juya shi, ya ɗaga shi kusa da fuska yadda mai raunin ido ke yi, littafin na buɗe a ƙarƙashinsa.

Sai ya daskare.

Ya janye gilashin. Ya maido. Ya sake janyewa, ya sake maidowa. Leɓensa ya soma motsi. A hankali ya ware 'yan hannuwan nan biyu, ya kai abin fuskarsa, sai ga shi ya zauna a kan karan hancinsa daram, hannuwan suka maƙale a bayan kunnuwa kamar don shi aka ƙera.

Wani ya tuntsire da dariya, aka harare shi.

"Tabarau..." Baba ya ce, kamar mai magana da kansa. "Shekara talatin ina cin karo da kalmar nan a littattafai, ban san me ake nufi ba. Ashe kai ne."

Hawaye ya gangaro ta ƙarƙashin gilashin. Ya goge, ya gyara murya, gyaran murya na gaske wannan karon, ya ɗora yatsa.

"Dokar kayan kufai. Ƙarfe ya bi ta wuta. Tufa da fata a ƙone su, kada su shigo. Gilashi kuwa, da abin da wuta ke narkarwa, a wanke shi da toka da ruwa mai gudu sau uku, ya tsarkaka."

Kakanni sun riƙe layin farko, sauran suka zube a hanya.

Babban dattijo ya juya a hankali ya dubi 'yar mai gadin ƙofa. "Ke, sau nawa kika ce ya wanke?"

"Sau... sau uku."

"Da me?"

"Da toka..."

"A kogi. To, Allah ya yi miki albarka, kin wanke su tas."

Zaure ya ɓarke da sowa. Yarinyar ta ja mayafi ta rufe fuska ta sulale, ko ubanta bai bi ta da kallo ba. 'Yar Tawada kuwa ta zauna a ƙasa tana kuka tana dariya.

Amma Baba bai gama ba. Ya miƙe ya ɗaga hannu.

"Akwai sauran magana, kuma tawa ce. Shekara uku ke nan ba na ganin rubutu. Duk abin da na gaya muku, na shuka, na rijiya, na maganin dabbobi, waccan yarinyar ce ta karanta, ni baki kawai na ara mata. Na ɓoye muku don tsoro. Don tsoron nan kuma na hana ta wanda take so, na fake da sana'arsa. Yau ga shi abin da ya tono da hannunsa ne ya maido mini da ido. In za ku karɓi kujera, ga ta."

Dattawa suka dubi juna. Babban dattijo ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya karkato wajen Tsatsa ya rage murya, duk da kowa na ji.

"Kai ɗana... irin wannan abin, guda ɗaya ne a kufan?"

"A'a, ranka ya daɗe. Akwai wani shago da na sani, bangonsa duk su ne, jere reras. Na ɗauka na 'yan kwalliya ne."

"To ka fara da ni. Rabona da in ga ƙwayar hatsi a tafin hannuna tun kafin a haife ka."

"Ni ma!" in ji na kusa da shi. Tela daga baya ya ɗaga allurarsa sama yana ihu a sa da shi. Maganar karɓar kujera dai ba a ƙara tada ta ba.

Tsatsa ya rako su har ƙofar gidan littattafai, ya tsaya daga waje kamar yadda ya saba. Baba ya waiwayo.

"Shigo mana. Gidan surukinka ne."

Tsatsa ya durƙusa a bakin ƙofa ya sunkuyar da kai.

Baba ya zauna a kujerarsa, tabarau na nan a hancinsa, zaren da aka ɗaura masa yana lilo a gefen kunne.

"Uwata, ina da magana da ke."

Ƙafafunta da kansu suka soma ja da baya zuwa ƙyaure.

"A'a," ya ce. "Matso."

Ta tsaya tana dubansa.

"Matso kusa. Ƙara matsowa."

Ta zo ta durƙusa a gabansa, har gwiwarta na taɓa ƙafarsa. Ya sa hannu biyu ya tallabo fuskarta.

"Kin ɗauka korarki nake yi, ko? Na sani, ina ganin yadda kike haɗiye abin. In kina kusa da ni, inuwa kawai nake gani. Sai kin je bakin ƙofa nake samun fuskarki, ita ma 'yar ƙarama. Ni kuwa ba na iya yi miki magana ban ga fuskarki ba."

"Baba..." ta ce. "Me ya sa ba ka taɓa gaya mini ba?"

"Kin ɗauke mini karatu. In ƙara miki da wannan?"

Ya yi ta kallonta, a hankali, kamar shafin da ba ya so ya ƙare. Ya bi girarta da babban yatsa, ya goge ɗigon tawadar da ke gefen hancinta, ya tsaya a kan ɗan lotsawar kumatunta.

"Ashe har da wannan kika ɗauko na mahaifiyarki," ya ce. "Ashe haka kika girma, ban gani ba."

Ta kifa kai a cinyarsa ta saki kukan da ta yi shekara uku tana riƙewa. Baba ya dafa kanta da hannu ɗaya, ya miƙa ɗayan wajen ƙofa.

"Kai ma taso, ɗana. Zo nan kusa, in ga wanda zan ba."